Rumbu da Kududdufi: Fari, Yunwa da Ambaliya a Tarihin Birnin Kano

Sa'ad da Baturen Birtaniya mai yawon bincike, Kyaftin Clapperton, ya shigo birnin Kano cikin watan Janairu na shekarar 1824, ransa bai yi masa daɗi ba. Ya daɗe yana jin Larabawa suna kambama birnin, amma da ya wuce ƙofa sai ya tarar da sauran tafiya a gabansa kafin ya kai ga gidaje, su ma a warwatse, unguwa nan unguwa can, da manyan kududdufai a tsakaninsu. A ƙiyasinsa gidaje ba su ci fiye da rubu'in ƙasar da ganuwa ta kewaye ba. Sauran duk gonaki ne da lambuna, ga kuma fadamar Jakara da ta kusa raba garin biyu. Bayan shekara 27, watau cikin 1851, Bajamushen nan Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya hau Dutsen Dala ya hangi abin da na farkon ya gani, ya kuma koka da ruwan kwance da rashin lafiyar da yake jawowa.

Baƙin nan biyu sun faɗi gaskiyar abin da idonsu ya gane musu, sai dai ba su zauna sun ga shekarar fari ko ta ambaliya ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun irin waɗannan shekaru a tarihin birnin, ta nuna cewa filin da baƙi suka ɗauka ɓarna ce, tare da rumbunan ƙasar da ke kewaye da shi, su ne suka riƙa tare wa Kanawa bugun yanayi ta fuska biyu, watau rashin ruwa da yawansa. Sa'an nan ta duba abin da ya auku sa'ad da aka fara cinye su.

Tilas a fara da ruwan sama. Bisa ga awon da ake yi tun daga 1905, Kano tana samun kimanin inci 33 a shekara in an yi matsakaicin lissafi, kuma kusan dukkansa yana sauka ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ya fi kowane wata. Amma matsakaicin lissafi abin takarda ne, manomi bai taɓa shuka a kansa ba. Wata shekara ruwa ya haura inci 40, wata ya kasa kai 20. Ko a shekarar da jimlar ta cika, yana iya jinkirin sauka, ko ya ɗauke mako uku bayan shuka har tsiro ya ƙone, ko ya janye kafin dawa ta yi ido. Dalilin ke nan da manomin ƙasar Kano yake haɗa gero da dawa da wake a gona guda: gero ya nuna cikin wata uku ya fid da gida daga ƙuncin damina, dawa kuwa ta jira ƙarshen ruwa. In ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi.

Abin da tsofaffin labarai suka adana

Ko a labarin kafuwar garin ma yunwa tana ciki. Waƙar Bagauda, wadda Hiskett ya buga a tsakiyar shekarun 1960, ta nuna cewa mafarauta ne suka fara sare dajin suka yi noma, sa'an nan wata babbar yunwa ta auka wa ƙasashen kewaye, hatsi ya ɓace ko'ina sai a Kano, mutane suka yi ta kwararowa har wuri ya zama gari. Ba lalle ne a karɓi wannan a matsayin tarihi tsantsa ba. Amma ya nuna yadda Kanawa suke kallon garinsu, watau wurin da ake gudowa in an rasa.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi cikin 1908, ya fi damuwa da yaƙi da sarauta, bai cika tsayawa kan damina ba. Duk da haka akwai wurare biyu a cikinsa da suka cancanci a dakata a kansu. Na farko zamanin Sarki Muhammadu Zaki (1582–1618, bisa ga lissafin Palmer). A lokacinsa Kwararrafa suka ci ƙasar, mutanen birni suka gudu Daura, Katsinawa suka dinga kawo hari, sa'an nan aka yi yunwa ta shekara 11. Da wuya fari shi kaɗai ya hana ƙasa irin ta Kano abinci har tsawon wannan lokaci. Abin da hankali ya fi kamawa shi ne ƙarancin ruwa ya tarar da gonakin karkara babu masu nome su, rumbuna kuma an kwashe. Ganuwar da Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), an sāke ƙara mata faɗi ta wajen yamma a zamanin magajin Zaki, watau Muhammadu Nazaki (1618–1623). Mafi yawan ƙasar da wannan ƙari ya shigo da ita gona ta zauna har cikin ƙarni na 20. Garin da abokan gaba suka tsare yana iya nome abincinsa a cikin ganuwa, ya kuma ba mutanen karkara da dabbobinsu mafaka.

Wuri na biyu zamanin Muhammadu Alwali (1781–1807), sarkin Haɓe na ƙarshe. Littafin ya ce yana hawa sarauta ya shiga tara gero da dawa saboda tsoron yaƙi da yunwa, amma duk da haka yunwa ta cim masa. Dab da wannan marubucin ya kawo labarin Dirki, yadda sarki ya ƙi ba da shanu 40 da fadawa suka nema don a yanka masa bisa al'ada, ya sa aka sassare shi da gatura, aka tarar Alƙur'ani ne a naɗe cikin fatu. Marubucin bai ce yunwa ce ta kawar da Alwali ba, masu jihadi ne suka kore shi. Amma jera labaran biyu da ya yi wuri guda yana nuna yadda mutanen wancan zamani suke auna sarauta: sarkin da abinci ya ƙare a hannunsa, albarkarsa ma sai an yi shakkarta.

Ƙarni na 19 bai tsira ba. An yi yunwar da ake kira Banga-banga wajen 1855, annobar shanu ta share garkuna wajen 1891, Basasar Kano ta biyo baya daga 1893 zuwa 1895. Amma bayan kowace ɗaya birnin ya miƙe, ayarin fatake ya ci gaba da shiga Kasuwar Kurmi.

Rumbu

Abin da ya sa yake miƙewa yana da rassa da yawa, kuma mafi yawansu a ƙauye suke. Tushen dai shi ne gandu, inda maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suke noma tare, hatsin ya shiga rumbu ɗaya wanda maigida ne kaɗai yake da ikon buɗewa. Magidanci na gari yakan rufe rumbun gandu bayan kaka, samari su tafi cin rani ko fatauci don a rage bakin ci, ba a taɓa rumbun sai damina ta faɗi, sa'ad da aiki ya fi tsanani abinci kuma ya fi tsada. Gero a zangarniyarsa yana iya shekara biyu ko uku cikin rumbun ƙasa bai lalace ba, shi ya sa rumbun tsimi ya zama ma'aunin arziki da mutunci. Bayan wannan akwai zakka, dami ɗaya cikin goma, wadda a zamanin Daular Usmaniyya hatsi ake bayarwa, a tara shi a hannun masu gari da hakimai, kusa da inda aka nome shi. Ba a ce kullum an raba shi bisa ƙa'ida ba. Haka kuma bai kamata a manta ba cewa rumbunan sarki, na gandaye irin su Nassarawa da Fanisau, gumin bayi ne ya cika su. Amma dai hatsin yana cikin ƙasa, ana ganinsa, ana iya roƙonsa.

Tsakanin birni da gonakin kewaye kuma akwai wata musaya da masanin ƙasa Mortimore ya bayyana a shekarun 1960. Da rani jakuna suna shigowa da itacen girki da kara da hatsi, su fita da mangaloli cike da toka da shara da kashin dabbobi, a zuba a gona. Da wannan taki ne ƙasar da ke kewaye da Kano take ɗaukar noma kowace shekara ba hutu. Manomi kuma ba ya sare itacen da zai cece shi: kuka da ɗorawa da tsamiya da kanya da ɗinya suna tsaye a tsakiyar gona, ga gawo mai zubar da ganye da damina, ya bar rana ta sami shuka, ya fid da sabo da rani sa'ad da dabbobi suka rasa ciyawa. In shekara ta ɓaci sai a koma ga tafasa da rama da yaɗiya da zogale da garin kuka. In ta ƙara ɓaci, masaƙi da marini da majemi da baduku suna da abin sayarwa a garuruwan da ruwa bai ƙi ba, su sayo hatsi su dawo.

Kududdufi

Kududdufi kuwa ɗan gini ne. Kowane tubali da aka ɗora a birnin, da kowane kwando na ƙasar da aka yaɓa wa ganuwa, daga rami ya fito, ramin nan kuma shi ne ruwa yake cikawa da damina. Watau gwargwadon yadda unguwa ta yi girma, gwargwadon yadda ta haƙa wa kanta matattarar ruwa, ba tare da wani ya zauna ya tsara haka ba. In aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, yakan zubo daga indararo zuwa lungu, daga lungu zuwa kwata, daga kwata zuwa kududdufi. In wannan ya cika ya tumbatsa zuwa na gaba, har a kai Jakara, ita kuma ta fita da shi ta arewa maso gabas. Ruwan da zai share gari cikin sa'a ɗaya sai ya ɗauki kwanaki yana tafiya. Wanda ya saura kuma yana tsuma cikin ƙasa ya ɗaga rijiyoyin gidaje, a kuma shayar da dabbobi da shi, a yi wanki, a kwaɓa ƙasar yaɓe har tsakiyar rani. A cikinsa akwai tarwaɗa da bado da kwaɗi da agwagi, da gaiwa wadda take nutsewa cikin taɓo ta yi barci in ruwa ya ƙafe, ta jira wata damina.

Jakara ita kanta ta girmi Musulunci a wurin. Tarihin Kano ya ambaci kurminta mai baƙin ruwa, wanda mutanen Barbushe suke girmamawa, kuma a gefenta Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi. Amma kukan Barth yana da tushe. Kududdufi gidan sauro ne, yana ba yara tsargiya, yana cin ran wanda bai iya ruwa ba. Da aka buɗe famfo daga Kogin Challawa cikin 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, mutanen birni suka fara rage dogaro da rijiya, amfanin kududdufi na yau da kullum ya ragu, cutarsa ta rage a fili. Daga nan ya fara komawa juji.

Kakalaba

Babbar jarrabawa ta zo shekara goma bayan Turawa sun ci Kano cikin 1903. Ruwan da aka auna a Kano cikin 1913 bai kai inci 20 ba. Irin wannan fari ba baƙo ba ne, sai dai ya tarar da ƙasar ta sāke. An haɗe zakka da kuɗin ƙasa an mai da su haraji, harajin kuma da kuɗin Bature ake biyansa, ba da dami ko wuri ba, a kuma lokacin kaka, sa'ad da hatsi ya fi araha. Don haka talaka yana sayar da dami da yawa ya sami kuɗi kaɗan, hatsin da a dā zai kwana a rumbun mai gari ya zama sule a Baitulmali. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, har abin da Nijeriya ta fitar ya tashi daga ƙasa da tan 3,000 cikin 1912 zuwa kimanin tan 19,000 cikin 1913. Masana sun yi jayayya kan ko gyaɗa ta cinye gonakin abinci a wannan ɗan lokaci. Mai yiwuwa ne ba ta kai ga haka ba tukuna. Batun haraji kuwa ba shi da jayayya, domin an ci gaba da karɓarsa cikin shekarar farin.

Kafin damina ta 1914 rumbuna sun ƙare. Mutane suka taso daga arewa, har daga ƙasar da Faransa take mulki, suka nufo Kano kamar yadda kakanninsu suka saba. Wani jami'in mulki na lokacin, Hastings, ya rubuta daga baya yadda ya ga mutane suna tona gidajen tururuwa don neman ƙwayar hatsi, suna faɗuwa a kan hanya. Dubun dubata suka mutu a lardin. Jirgin da ya iya fitar da gyaɗa zuwa Ikko zai iya shigo da abinci, amma agajin gwamnatin Lugga ya zo a makare, bai kuma taka kara ya karya ba.

Ga mai nazarin harshe, sunayen da Hausawa suka raɗa wa wannan yunwa kansu tarihi ne. A wurare dabam-dabam an kira ta Kakalaba, Malali, Gyallare, Kumumuwa, da Suɗe-mu-gaisa. Na ƙarshen nan ya fi kowanne ciwo. A al'adar Bahaushe wanda baƙo ya tarar yana cin abinci bismilla zai yi masa tun kafin gaisuwa ta ƙare. Shekarar da baƙo zai tsaya har mai gida ya suɗe ƙwaryarsa kafin a gaisa, shekara ce da yunwa ta wuce ciki ta taɓa zumunci. Sunayen yunwar da suka biyo baya kuwa hanyar abinci suke nunawa: ta 1927 ana danganta ta da buhu, domin a buhu hatsi ya zo daga nesa, ta 1942 kuma 'Yar Gusau, domin can aka dinga zuwa awo.

Daga fari zuwa ambaliya

Farin 1972 da 1973 ya fi na 1913 tsanani a ma'auni, gama ruwan Kano na 1973 kusan rabin abin da aka saba ne. Shanu suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe, Buzaye da suka rasa raƙuma da awaki suka shigo birni, da yawansu suka zama masu gadi. Gyaɗa ta faɗi, cutar da ta kama ta cikin 1975 ta ƙarasa ta, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Amma ba a ga mace-mace irin na Kakalaba ba, domin akwai motoci da tituna da kuɗin man fetur, akwai kuma aikin lebura a birni. Da fari ya dawo cikin 1983 da 1984, mutanen Nijar suka kira yunwar tasu El-Buhari, saboda gwamnatin soja ta Nijeriya ta rufe iyaka cikin 1984, hatsin kudu ya yi wuyar ƙetarawa. Kasuwar Dawanau da aka kafa a tsakiyar shekarun 1980 ita ce ta zama babban rumbun yankin, har farashin gero a Maraɗi yana bin nata. Rumbu ne mai faɗi ƙwarai, sai dai kuɗi ne mabuɗinsa, roƙo ba ya buɗe shi.

Amsar da gwamnatin Audu Bako (1967–1975) ta ba fari ita ce madatsun ruwa. Aka gina ta Bagauda, aka gama ta Tiga cikin 1974, aka buɗe noman rani a Kadawa da kewaye. Ta Challawa ta biyo baya cikin 1992. Birni ya sami ruwan sha, manoman Kura suka sami shinkafa da tumatir. Kuɗin wannan kuwa mutanen ƙasa da kogi ne suka biya. Ambaliyar shekara-shekara da take cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ruwan da ake saki duk shekara ba ƙaƙƙautawa ya raya ciyawar kacala har ta toshe hanyoyin kogi, masunta da makiyaya da manoman fadama suka shiga takun saƙa a kan abin da ya rage.

Ana cikin shirin fari sai ruwa ya juyo. Cikin watan Agusta na 1988 aka yi ruwa mai yawan gaske, madatsar Bagauda ta ɓalle, mutane fiye da 100 suka rasu a jihar, dubban gidaje suka rushe. A cikin birni gidajen ƙasa ne suka fi jin jiki. Ginin ƙasa yana jure ruwan sama muddin ana yi masa yaɓe da makuba, indararo kuma yana zubarwa. Abin da ba ya jurewa shi ne ruwa ya kwana a gindinsa, domin daga ƙasa katanga take jiƙa ta zauna, azara ta biyo ta. Ruwa kuwa yana kwana ne a inda ya rasa mafita.

Binciken zamani ya nuna cewa dogon farin shekarun 1970 da 1980 ya fi alaƙa da sauyin ɗumin tekuna, ba da kiwo da saran itace kaɗai ba kamar yadda aka zarga da farko. Wani nazari da aka buga a mujallar Nature cikin 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa da ƙarfi a yankin Sahel sun ninka uku tun daga 1982, ya kuma danganta haka da ƙarin zafin Hamada. Watau ruwan ya dawo, amma yana zuwa ne a dunƙule.

Garin da yake sauka a kansa kuma ba wanda Clapperton ya gani ba ne. Mutanen Kano, da ya ƙiyasta tsakanin 30,000 da 40,000, sun kai kimanin 130,000 a ƙidayar 1952, yau kuwa birni da kewaye ana maganar miliyan 4. Gonakin da Nazaki ya shigo da su cikin ganuwa sun zama unguwanni. Bulo da siminti sun maye gurbin tubali, saboda haka sabon gini ba ya haƙa ramin kansa, rufin kwano da daɓen siminti kuma ba sa shan ruwa, turo shi suke yi. Aikin gayyar da sarakuna suke kira a gyara ganuwa ya tsaya bayan 1903, damina da masu ɗibar ƙasa suka cinye mafi yawanta. An ɗaure Jakara cikin kwatar siminti, a shekarun 2010 kuma aka fara aikin rufe ta da titin da ake kira Wuju-Wuju. Kududdufai da dama, har da sassan waɗanda suke gefen badala tsakanin Ƙofar Ɗan'agundi da Gadon Ƙaya, an cike su da shara da ɓaraguzai an yanka filaye. Cikon ba ya sauya gangaren ƙasa. In hadarin Agusta ya sauke nauyinsa, ruwan lunguna yana bin tsohuwar hanyarsa zuwa inda ramin yake a dā, ya tarar da shaguna da ɗakunan kwana, ya shiga.